Shafi na Talatin da Biyu

An kafa turaku goma sha biyu a gonar Goggo Tafireta ranar Asabar ta farkon watan jiya, kowanne da jan fenti a ka, duk da cewa mai gonar ta tsaya a gaban mutum arba'in da uku ta rantse cewa tarihin da ya jawo turakun ƙarya ne, kuma ita ta ƙirƙire shi da yatsunta goma. Ba wanda ya yarda. Wasu ma sun tafa.

Abin ya faru ne a zango na takwas, wato na ƙarshe, a tattakin da Ƙungiyar Raya Tarihin Gari ke shiryawa duk shekara gab da faɗuwar damina. Ana tashi daga harabar ɗakin karatu da ƙarfe bakwai na safe, a zaga bayan gari kilomita tara, a ƙare a gindin wani baƙin dutse mai tsagi bakwai a gadon bayansa. Dutsen yana tsakiyar gonar da Goggo ta gada daga mahaifinta. Ban da ɗaki biyu da tsohuwar tafireta a ƙarƙashin gado, gonar nan ce iyakar abin da ta mallaka. Wake da masarar da take ci daga kaka zuwa kaka daga nan suke fitowa.

Wasiƙar ƙungiya ta iso mata kwana tara kafin tattakin. Ana farin cikin sanar da ita cewa bana Sashen Adana Kayan Tarihi zai karɓi Dutsen Sulhu a hukumance, a kewaye shi da waya taku tamanin ta kowace fuska, a hana noma da kiwo a ciki. Goggo ta san gonarta: taku saba'in ce a tsaye, sittin a kwance. An yi mata alkawarin takardar yabo mai gilashi.

Asalin maganar ya kai shekara talatin da huɗu. A lokacin tana 'yar ashirin da uku, tana buga tafireta a wata ƙaramar maɗaba'a a bayan tasha. Marigayi Hedimasta ya kawo tarihin gari da ya rubuta da hannu a littafin makaranta mai shuɗin bango, ya ce a buga kwafi ɗari biyar, ya wuce asibiti cire haƙori. Zango bakwai ne a ciki. Da ta gama bugawa sai aka tashi da shafi talatin da ɗaya. Duk wanda ya taɓa aikin ɗab'i ya san takarda guda in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa, don haka littafi ko ya tsaya a ashirin da takwas ko ya kai talatin da biyu. Mai maɗaba'ar kuwa ya tsani farin shafi. A cewarsa, mai aiki in ya ga shafi ba rubutu sai ya ce an cuce shi takarda.

"Cike shi," ya ce mata, ya ɗauki hularsa ya tafi cin abinci.

Dutse ɗaya ta sani a duniya, wanda mahaifinta ya shekara arba'in yana wasa fartanya da gatari a kansa har ya yi tsagi. Sai ta rubuta cewa wasu 'yan'uwa biyu da suka kafa garin sun yi shekara bakwai suna yaƙi a kan rijiya, daga baya suka haɗu a nan suka goga takubbansu a dutsen har suka dakushe, tsagi ɗaya a madadin kowace shekara. Ba ta raɗa musu suna ba, domin layi ashirin da bakwai kawai shafin ke ɗauka. Ta ce Wa da Ƙane. Minti ashirin aikin ya ci mata. Ta ɗauka Hedimasta zai gani, ya yi faɗa, a yage. A ranar ƙaddamarwa sai ya shaida wa taro cewa shafi na talatin da biyu ne ya fi ba shi wahalar bincike.

Bayan wata uku ta yi aure. Mijin ma'aikacin gidan waya ne, aka yi ta jefa shi daga gari zuwa gari, ba ta dawo da zama ba sai bara, bayan rasuwarsa. Duk shekarun nan ƙanenta ne ke noma gonar, yana yi mata ƙorafi a waya cewa wasu masu huluna suna zuwa suna tattake masa kunya. Ita kuwa sai ta yi dariya. Littafin mai shuɗin bango, wanda Hedimasta bai taɓa dawowa karɓa ba, yana cikin akwatin tafiretar.

Da shi a jaka ta isa harabar ɗakin karatu ranar Asabar, bakwai saura kwata. Ƙawarta tun firamare, tsohuwar nas da kowa ke kira Sista, ta riga ta zuwa, da sanda da gorar ruwa. Sista ba ta taɓa fashin tattakin ba. Ta ce ita don hawan jini take zuwa, tarihi kuwa in ya samu a hanya ba laifi.

"Ke dai kin ƙudurta sai kin faɗa?" in ji Sista.

"Da bakina."

"To faɗi da wuri, 'yar'uwa. Mutum in ya sha kilomita tara zuwa ganin abu, ba ya son a ce masa babu abin."

Jagoran tattakin ɗan Hedimasta ne na uku, malamin sakandare mai shekara arba'in da 'yan kai. Ya rataya lasifika a kafaɗa, ya sa hula mai faɗin baki, ya riƙe littafin mahaifinsa a cikin leda. Goggo ta same shi yana ƙirga mutane da bakin biro.

"Malam, ina da magana da kai."

"Sannu da zuwa, Goggo! Yau mai masaukin baƙi da kanta. Talatin da takwas, talatin da tara..."

"Maganar dutsen nan ce."

"Tambayoyi sai zango na takwas, Goggo. Haka tsarin yake tun zamanin Baba."

Ya ɗaga lasifikar ya karanto dokoki. Ba a wuce jagora. Ba a tsinkar ganye. Ba a amsa waya a zango. Daga nan ya gabatar da babban baƙo, jami'in Sashen Adana Kayan Tarihi, wanda ya sauko daga farar mota sanye da farin takalmin gudu da ko ƙura bai taɓa gani ba. Jami'in ya ce tafiya a ƙafa ita ce hanya ɗaya tilo ta fahimtar tarihi, ya koma mota. Da direbansa ya buɗe bayan motar zai ɗauko ruwa, Goggo ta hango turakun a jere, jan fentin ko bushewa bai gama yi ba.

Zango na farko harsashin tsohuwar kasuwa ne, inda yanzu ake wankin mota. Aka tsaya tsakanin bokitai, Malam ya karanta shafi na huɗu, masu wanki suka dakata har ya gama, ɗayansu da soso a hannu yana ɗigar kumfa. Zango na biyu wata babbar bishiya ce da aka sare shekara goma da suka wuce, don haka kututturen aka kewaye, aka ɗaga kai ana kallon inda rassan suke a da. A kowane zango motar kan riga su isa ta kan titi, jami'in ya sauko, a ɗauki hoto, ya koma.

Goggo ba ta san leɓɓanta na motsi ba sai da wata malamar makaranta ta zunguri wadda ke kusa da ita. Yatsu ba sa manta abin da suka buga. Malam yana fara jimla, ita tana ƙarasa ta a ƙasan maƙoshi, har da inda aka sa waƙafi.

"Kai jama'a! Goggo ta haddace littafin!"

Malam ya juyo da lasifikar. Ya ce wa matasa su yi koyi, ga dattijuwa da ta yi shekara talatin a wasu garuruwa amma tarihin gida na cikin jininta. Aka tafa. Sista ta ce a hankali, "Kin ƙara wa kanki aiki."

Bayan rijiyar da ta ƙafe, wato zango na uku, hanya ta bar gidaje ta shiga gonaki. Ana ta sharar gona, hayaƙin karan da aka tara yana tashi nan da can. A nan tafiyar ta rabu biyu kamar yadda ta saba. Masu koren huluna suka bi dama da turbar, masu rawaya suka bi hagu, sauran jama'a a tsakiya. Koraye su ne Jikokin Wa, shugabansu mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa. Rawaya su ne Jikokin Ƙane, ƙarƙashin mai kemis ɗin kusa da asibiti. Shekara shida ke nan shugabannin biyu ba sa ga maciji, a kan tambayar wa ya fara goga takobinsa. Littafin dai cewa ya yi "suka goga". Goggo ta tuna ta so ta ƙara bayani a wurin, layi ne ya hana.

Ta ƙara sauri ta jera da Mai Rediyo.

"Ɗan nan, kai jikan Wa ne?"

"Tsatso na tara, Goggo. Muna da zanen bishiyar zuriya a shago, ki shigo ki gani."

"Kakanka ai a motar gishiri ya zo garin nan. Ina 'yar yarinya, a gabana aka sauke shi da tabarmarsa."

Mai Rediyo ya yi murmushin haƙuri. "Dawowa ya yi, Goggo. Dawowa gida."

Wani manomi da ke tara kara ya miƙe ya dafa ƙugu, ya dubi ayarin, ya tambaya ko rasuwa aka yi. Aka ce masa tarihi ne. Ya ce Allah ya sauwaƙe, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

A zango na biyar, ƙarƙashin karyayyiyar gada, aka huta. Batirin lasifikar ya fara shaƙewa, muryar Malam na fita kamar ta mai mura. Rana ta ɗaga. Sista ta zauna a kan tubalin siminti tana murza gwiwa, tana rarraba wa mutane shawarar rage gishiri ba tare da an tambaye ta ba. Goggo ta hau gangaren zuwa titi, ta ƙwanƙwasa gilashin motar. Gilashin ya sauka rabi, sanyi ya bugi fuskarta.

"Ranka ya daɗe, ni ce mai gonar da dutsen yake."

"A'a, Mama! Ai ke muke nema. Takardar yabonki na nan, har da hatimi."

"Labarin dutsen nan ba gaskiya ba ne. Ni na rubuta shi don a cike shafi."

Jami'in ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya saba jin koke. "Duk inda muka je kewaye wuri, Mama, sai mai filin ya ce haka. Makon jiya wani ya ce mana kabarin da ke gonarsa na jakinsa ne. In kina da ƙorafi, ki sa shi a rubuce."

"Rubutu ne ya kawo ni nan, Yallaɓai."

"To kin gani. Shi ne ke aiki."

Gilashin ya koma sama.

Zango na shida da na bakwai sun wuce ba labari, in ban da wani mai rawayar hula da ƙaya ta huda wa takalmi, koraye suka wuce shi kamar ba su gani ba. Sha ɗaya da rabi aka ɓullo ta gefen rafin da ya bushe, sai ga gonar. Goggo ta share ta mako guda kafin tattakin, ta tara taki kashi-kashi, ta gyara 'yar bukkar da take ajiye kayan aiki. Ƙafa tamanin da huɗu suka bi ta kan takin. Motar ba ta da hanya a nan, dole jami'in ya tako taku ɗari biyu, yana ɗaga ƙafa kamar zakara a cikin ruwa, direba na biye da turakun a kafaɗa.

Aka kewaye dutsen. Wasu suka cire huluna. Wata mata ta sa yatsa a cikin tsagi ta shafa a goshin 'yarta. Lasifikar ta mutu gaba ɗaya, don haka Malam ya karanta shafi na talatin da biyu da muryarsa, tana rawa. Goggo ba ta taɓa jin an karanta shi a fili ba. Da ya kai inda aka ce ƙarfe ya gaji kafin zuciya ta gaji, ta ji wani tsoho a bayanta ya ja numfashi. Ta yarda a ranta cewa jimlar ta yi kyau. Wannan ya ƙara ɓata mata rai.

"Yanzu lokacin tambayoyi," in ji Malam.

Goggo ta fito tsakiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi shekarar, da maɗaba'ar, da haƙorin Hedimasta, da lissafin huɗu-huɗu, da minti ashirin. Ta ce babu Wa, babu Ƙane, babu takobi. Ta ce tsagin nan na fartanyar ubanta ne, ta rantse da wanda ya halicce ta. Sannan ta buɗe jaka ta miƙa wa Malam littafin mai shuɗin bango.

Ya buɗe. Ya ga rubutun mahaifinsa, mai kwanciya gefe kamar iska ta kaɗa shi. Idonsa ya kawo ruwa. Ya yi ta juya shafuka har ƙarshe, jama'a na jira.

"Zango nawa ka gani?" in ji Goggo.

"Bakwai."

"To."

"Allahu akbar," in ji Malam, ya rungume littafin. "Ashe Baba bai yarda ya sa na takwas a takarda ba. Da baki ya ba ki, Goggo. Sirri ne, ya zaɓe ki."

"Ubanka yana kujerar likita da auduga a baki!"

"Shi ya sa ba ki tuna ba sosai. Maganarsa ba ta fita."

Sista ta yi wata 'yar ƙara ta mayar da ita tari.

Goggo ta juya ta shiga bukka, ta fito da tsohuwar fartanyar mahaifinta, wadda bakinta ya cinye har ya zama kamar jinjirin wata. Ta ɗora bakin a tsagi na uku. Ya zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Ta goga sau biyu, dutsen ya yi kukan da ta sani tun tana goye.

Jami'in ne ya fara matsowa. Ya durƙusa, ya cire tabarau, ya duba. "Shekara nawa fartanyar nan a gidanku, Mama?"

"Na tashi na gan ta."

"Wato ba a san farkonta ba." Ya miƙa wa direba hannu, aka ba shi lakabin takarda mai zare, ya rubuta lamba ya ɗaura a ƙotar. "Wannan ma ta shiga rajista. Kada kowa ya sake taɓa ta da hannu."

A lokacin ne Mai Rediyo ya ture mutane ya fito, jijiyar wuyansa a tashe. Ya ce shi yana ganin girman furfura, amma ba zai tsaya a ce kakan kakansa cike gurbi ne ba. Daga ɗaya ɓangaren Mai Kemis ya ce wallahi gaskiya ne, wannan cin zarafin zuriya ne gaba ɗaya, in ana son gona a ce ana son gona.

"Faɗa mata, ɗan'uwa!" in ji Mai Rediyo.

"Ai jininmu ɗaya, Yaya!" in ji Mai Kemis.

Suka tsaya, kowa ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Sai ga su kafaɗa da kafaɗa a gaban dutsen, koren hula da rawaya, karo na farko cikin shekara shida. Malamar makarantar nan ta dafe ƙirji.

"Kun gani? Dutsen ya sake aikinsa! A gabanmu!"

Nan aka tafa. Aka rungumi juna. Matar da ta shafa wa 'yarta goshi ta fashe da kuka. Wani ya ce ai Goggo da gangan ta yi don ta haɗa su, irin hikimar manya, aka sake tafawa, wannan karon ita ake kallo. An ɗauki hoto goma sha ɗaya, a cikin bakwai tana tsakiya, fuskarta kamar an aiko mata da sammaci.

Da hayaniya ta lafa ta tare jami'in. "Yallaɓai, gonata fa?"

Ya ce shi mutum ne mai adalci. Soke aikin ba ya hannunsa, domin fayil ya riga ya samu lamba, amma tunda an yi ƙorafi a bainar jama'a, ya kafa kwamitin mutum uku ya binciki sahihancin shafin. Malam ne shugaba. Mai Rediyo da Mai Kemis mambobi. Kafin kwamiti ya kawo rahoto, turakun za su shiga na wucin gadi, kuma kada a taɓa ƙasar da ke tsakaninsu. Direba ya auna taku tamanin, ya ga ya faɗa gonar maƙwabci wanda aka san shi da zafin kai, sai ya dawo da baya ya kafa su daidai kan iyakar Goggo. Littafin mai shuɗin bango Malam ya sa shi a leda tare da ɗan'uwansa, za a ajiye a ɗakin karatu a cikin gilashi.

Jama'a suka watse. Goggo ta zauna a kan dutsen, inda ta saba zama tun tana kawo wa mahaifinta ruwa. Direba ya juyo daga nesa ya ce, "Mama, a yi haƙuri, ba a zama."

"Na gaya miki ki faɗa da wuri," in ji Sista.

"Na faɗa da wuri."

"Shekara talatin da huɗu nake nufi."

Bayan kwana huɗu Malam ya yi sallama a gidanta da fayil a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce bai riƙe ta da komai ba, tsufa ne, kowa zai je. Sashen ya ce kafin a kawo waya sai an sabunta littafin, a ƙara jawabin jami'in da labarin sulhun da aka gani ido da ido. Ƙungiya ta yanke shawarar cewa hannun da ya buga na farko shi zai buga na biyu, a kan tafiretar nan dai, maɗaba'a ta ɗauki hoton shafukan yadda suke, don ƙamshin tarihi.

Goggo ta daɗe tana kallon fayil ɗin. Ta ce ya ajiye.

Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta share ƙura, ta ɗiga man keken ɗinki a gaɓoɓin, Sista ta samo mata sabon ribin mai tawada a wurin wani tsohon akawun kotu. Kwana shida maƙwabta suna jin ƙaf-ƙaf-ƙaf daga safe zuwa la'asar. Da ta gama ta jera shafukan a kan tabarma ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa. Talatin da biyar.

Ta kira Malam a waya. Yana wani taron bita.

"Malam, shafi ɗaya ya rage fari."

"Goggo, ke kika san aikinki. Yi yadda aka saba."

Wannan karon kwana biyu ta yi a kan layi ashirin da bakwai. Shafi na talatin da shida ya ce, kafin Wa da Ƙane su bar gindin dutsen sun kafa sharaɗi: kada a taɓa kewaye wurin da ƙarfe ko itace, kuma kada damina ta wuce ba a noma ƙasar da ke kewaye da shi ba, da hannun gidan da aka tarar a kanta. Duk shekarar da aka saɓa, gabar za ta dawo tsakanin jikokinsu. Ta sa jimla ɗaya mai daɗin karantawa a fili, kusa da ƙarshe, inda murya za ta yi rawa.

Littafin ya fito ranar Alhamis da ta wuce, kwafi ɗari biyar. Kwamitin bincike bai zauna ba ko sau ɗaya, domin Mai Rediyo da Mai Kemis sun sake ɓatawa a kan wanda zai zauna a hannun daman shugaba. Sista, wadda ke zaga gidaje tana auna wa tsofaffi jini kyauta, tana ambata a kowane gida cewa abin mamaki, tun da aka kafa turakun nan mutanen nan suka daina gaisawa, sai ta tambaya ko an karanta shafin ƙarshe. Ta kuma ji da kunnenta Malam yana gaya wa wani a bakin ɗakin karatu cewa shafi na talatin da shida a ƙasan akwatin Baba ya tsinto shi. Ranar Lahadi an ga masu koren huluna uku a gonar suna kallon turakun, ba su taɓa ba.

Ruwan farko ya sauka ranar Talata da hantsi. Gonakin da ke kewaye duk an yi shuka. Irin Goggo yana cikin buhu a bakin ƙofa, da aron fartanya a jingine a kansa. Sashen ya rubuto cewa wayar za ta iso da zarar mota ta samu. An aika wa jami'in kwafinsa tun ranar da littafin ya fito, kuma masinjan ofishin ya tabbatar wa Sista cewa yana kan teburin Yallaɓai, a ƙarƙashin fulas ɗin shayi. Har zuwa jiya da aka tashi daga aiki, ba a ɗaga fulas ɗin ba.